Ƙafar Inna Hure

Rumasa'u ta warware tsumman da ke ƙafar Inna, warin ya daki hancinta har sai da ta kau da kai. Ƙudajen da ke kan igiyar nama a tsakar gida suka taso gaba ɗaya, kamar an kira su cin abinci.

"Daina yamutsa mini fuska, ke 'yar nan," in ji Inna Hure daga kan gado. "Na wanke miki abin da ya fi wannan wari, ban yi wa kowa shela ba."

"Ban ce komai ba, Inna."

"Hancinki ya ce."

Rumasa'u ta jiƙa tsumma cikin ruwan gishiri ta shiga gogawa a hankali. Jiya baƙin ciwon iyakarsa idon sawu. Yau ya haura ya kama ƙwauri, fatar ta kumbura tana ƙyalli. Ta danna da ɗan yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

A Mina abin ya faru. Duk shekara, in alhazai suka yanka hadayarsu suka watse, matan Nakkasa, unguwarsu da ke kan dutse a Makka, kan shiga mayankar da wuƙaƙe da buhuna, su bi ragunan da aka zubar cikin rana, su yanki abin da bai riga ya ruɓe ba, su kawo gida su shanya. Shi ake sa wa miya har wata shekarar. An ce Inna ta zauna ta huta, ta ƙi. Cikin jini da tumbi ta taka tsinin ƙashi, ya shige tafin ƙafarta. Ta zare shi da hannunta, ta ci gaba da yanka.

Akwai asibiti a ƙasa, cikin gari. Amma a ƙofar asibitin akwai askar, wato ɗan sandan da ke gadi, shi kuwa askar abin da yake fara tambayar baƙar fata shi ne igama, takardar zama. Ba su da ita. Rumasa'u a bayan Inna ta shigo ƙasar nan, goye, bayan sun binne mahaifinta a bakin teku ta ɓangaren Sudan. Wanda aka kama ba igama, Jidda za a kai shi, daga can sai jirgin ruwa. Inna ta sha faɗa cewa ba ta tako daga Daura don a mayar da ita a buhu kamar gyaɗa ba. A Makka za a binne ta.

Ana cikin haka Allah Ya kawo Bajamushe.

Idris, ƙanin Rumasa'u, wanda Inna ta zo da cikinsa, ɗaukar shibriyya yake yi a Harami, wato gadon katakon nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi a kafaɗa. Can ya haɗu da wani dattijon Bature, mutumin Jamus, wanda ya musulunta ya ɗauki suna Abdulganiyyu. Aikin Hajji ya ƙare, bai tafi ba. Ya roƙi Idris ya kai shi ya ga unguwarsu. Da ya shigo ɗakinsu na gwangwanayen kananzir ya ga Inna kwance, sai ya tsaya cik. Ya durƙusa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallonta. Ya buɗe baƙar jakarsa ta fata ya ciro farar ƙwaya ya ba ta. Ranar Inna ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Tun daga nan kullum da hantsi sai ya hauro dutsen. Ya zauna kan akwatin katako, ya duba, ya rubuta. Rumasa'u ba ta taɓa tambayarsa komai ba. Ba a tambayar baƙo sana'arsa, balle babban mutum, balle likita yana tsakar aiki. Ita dai ta san aikinta. Da farko ta buɗe masa tafin ƙafar. Da ciwon ya hau, ta ɗage zanen zuwa gwiwa. Daga baya ta juya Inna ta nuna masa gadon bayanta, inda kwanciya ta cinye fata. Inna, wadda tun rasuwar mijinta ba namijin da ya ga abin da ya wuce idon sawunta, ta runtse ido ta ce, "Ba komai. Likita ba namiji ba ne."

"Salamu alaikum, masu likita!" Zali maƙwabciyarsu ta leƙo ta saman katanga. "Ga mutumin naku can yana hawowa, yana haki kamar jakin mai ruwa. Ya yi ja wur, wallahi kamar an fere shi. Rumasa'u, yau dai ki sa baki ya duba mini wuyan nan. Tun yaushe nake nuna masa, sai ya yi murmushi ya rubuta. Ni rubutu zan sha?"

"Ke da kika samu ya rubuta," in ji Inna. "Wasu a Kano sai sun kwana a layi."

Da Abdulganiyyu ya iso, mata sun riga sun taru a bakin ƙofa, kamar kullum. Wata ta miƙo hannu mai ƙazwa, wata ta buɗe baki tana nuna ruɓaɓɓen haƙori. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kallo, idanunsa masu ruwan toka suna walƙiya, yana cewa, "Masha Allah, masha Allah." Sannan ya sunkuyar da kai ya shigo. Warin gumi da na tsohuwar taba ya biyo shi. Hancinsa ya saɓule saboda rana, fatar tana ɓarewa kamar ta albasa.

Ya yi sallama da Larabcinsa irin na littafi, wanda in yana magana sai ka ce huɗubar Juma'a. Rumasa'u Larabcin kasuwa ta iya, amma tana gane shi in ya bi a hankali. Ta ɗage zanen. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ciwon. Bai toshe hanci ba. Wannan na cikin abin da ya sa take girmama shi.

Ya ja numfashi, ya ce wani abu da harshensu, ya ɗauki fensir.

Tun asuba take shirya maganar a ranta, tana juya ta, tana rage mata kaifi. Ta dubi baƙin da ya kama ƙwaurin, ta dubi fensirin yana tafiya.

"Ya shaikh," ta ce. "Ka yi mini afuwa. Ba wai ina koya maka aikinka ba ne. Amma ƙwayar nan ba ta tsayar da shi ba. Ko lokacin allura bai yi ba?"

Ya ɗago. "Allura?"

"Ko wanki da maganin nan mai ja. Ko me dai ka gani. Kai ne likita."

Fensirin ya tsaya. Ya cire tabarau ya dube ta, ya dubi matan da ke bakin ƙofa, ya sake dubanta. Sai ya yi wata 'yar dariya marar sauti.

"Ya 'yata, ni ba likita ba ne. Wa ya ce miki ni likita ne?"

Rumasa'u ta dube shi. Hannunta na riƙe da bakin zanen Inna, a ɗage.

"Ƙwayar fa?"

"Ta ciwon kai ce. Kowane matafiyi yana da ita."

"Jakar fa?"

Ya jawo jakar ya buɗe mata, kamar mai son wanke kansa. Ta daɗe tana tunanin abin da ke cikinta: almakashi, auduga, kwalaben allura jere. Abin da ta gani shi ne littattafai, guntayen fensir, busasshen burodi, da safa mai datti a dunƙule. Ya ciro wani littafi mai kauri ya juya mata bayansa. Ga hotonsa nan, ba gemu, da taba a hannu.

"Ni marubuci ne," ya ce. "Ina ƙaga labarai masu tsawo, mutane su saya su karanta. Wannan nawa ne. Kafin nan kuma, shekaru da yawa, aikina kallon zanen hotuna. A ƙasarmu akwai manyan gidaje da ba kowa ke kwana ciki ba sai zane-zane a bango. In je in tsaya gaban zane, in daɗe, sannan in rubuta a jarida ko ya yi kyau ko bai yi ba, da dalili."

"Wannan ma sana'a ce?" Bakinta ne ya faɗa, ba ita ba.

"Har ta ja mini wahala. Akwai lokacin da masu mulkinmu suka hana ni rubutu saboda na yabi zanen da ba sa so." Ya soma zafi da maganar, Larabcin yana zubowa. Da gani ya daɗe bai samu mai saurare ba. Ya ce yaƙi ya zo, jiragen sama suka rushe garinsu, gidansu ya faɗo kan mahaifiyarsa yana wani gari. Bai ga fuskarta ba, bai ga gawarta ba. Tun daga nan duk labarin da ya rubuta sai ya sa tsohuwa tana mutuwa a ciki, kuma duk lokacin sai masu sharhi su ce mutuwar ta ƙarya ce, ta takarda ce. "Kuma gaskiyarsu," ya ce. "Ban taɓa gani ba. Na yi yawo, na musulunta a Masar, na zo nan. Sai na shigo ɗakin nan."

Ya nuna Inna da tafin hannu, yadda mai shago ke nuna kaya.

"Dubi yadda haske ke shigowa ta hujin gwangwanin nan ya sauka a goshinta. Manyan masu zanenmu sun ƙare rayuwarsu suna neman wannan. Ciwon kansa, ki gafarce ni, ban taɓa ganin launuka irin nasa ba. Ran farko ja ne. Sai ya koma ruwan hanta. Yanzu ga shuɗi, ga kore a gefe, kullum yana canzawa."

"Ka ga yana hawa," in ji Rumasa'u.

"Na gani."

"Kullum kana gani."

"Na zaci kun zaɓi hakan ne." Ya ɗan daburce. "Idris ya gaya mini ta tako ƙasa da ƙasa don ta mutu a Makka. Na ga ba ku kai ta asibiti ba, na ga kuna zaune cikin natsuwa. Na ce wannan shi ne tawakkali, wanda na karanta a littattafai ban taɓa gani da ido ba. Kuka buɗe mini komai, ba ku ɓoye ba. Na yi kuka a masaukina saboda karamcinku. Wallahi babi mafi kyau da na taɓa rubutawa shi ne nata. Saura ƙarshensa kawai."

Rumasa'u ta saki zanen ya faɗa kan ƙafar. Ta fita da sauri, ta bi ta ƙarƙashin igiyar nama, busassun tsokoki suna gogar fuskarta, ta durƙusa a bakin kwata ta yi amai. Shayin safe ne kawai a cikinta, amma ta daɗe tana kakari. Ba warin ƙafar ne ya tayar mata da zuciya ba, ta saba da shi. Abin da take gani shi ne hannunta. Hannunta yana juya Inna, yana zame rigar, yana nuna masa: ga nan, ga nan ma.

"Lafiya?" Zali ta dafa ta. "Me ya ce? Yankewa za a yi?"

"Aika a kira mini Idris. Yana gindin masallaci wurin masu shayi."

Idris ya iso da gammonsa a kafaɗa, yana tauna asawaki. Ta tare shi a tsakar gida.

"Kai ka ce mini likita ne."

"Ni? Yaya, ki ji tsoron Allah. Cewa na yi Bature ne."

"Da na ce likita ya zo, me ya sa ba ka ce a'a ba?"

"To ni ina na sani? Bature, da tabarau, da jaka, yana rubutu da hannun hagu ba a gane wa. Me ya rage?" Ya tofar da asawakin. "To mene ne shi?"

"Mai tatsuniya."

"Mai me?"

Zali ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Ni da na buɗe masa wuyana har nan? Ashe ɗan kallo ne! Tsohon banza, mai fuskar dafaffen gauta!" Ta juya wurin matan ƙofa. "Ku watse, ku rufe jikinku, ba likita ba ne, ɗan kallo ne!"

Hayaniyar ta kai ɗaki. Da Rumasa'u ta koma, Abdulganiyyu na tsaye a lungu, rungume da jakarsa. Inna ba ta jin Larabcin littafi, amma ta ji Hausar Zali. Ta miƙa hannu da ƙyar ta jawo mayafinta, ta rufe ƙafafun, ta ja shi har wuya, ta juya fuskarta ga bango. Rumasa'u ta gwammace a ce zagi ta yi.

Ta durƙusa a bakin gadon. "Inna, asibiti za mu."

"Ba inda za ni."

"Ya kai ƙwauri. In ya kai cinya, shi ke nan."

"To sai me? Ba abin da ya kawo ni ke nan ba? Gara in ruɓe a nan da askar ya tasa ƙeyata zuwa Jidda."

"Bajamushen ma abin da yake jira ke nan," in ji Rumasa'u a hankali. "Ya ce labarinki ya yi kyau, saura ƙarshen. In kin mutu a gadon nan zai rubuta, ya kai ƙasarsu, su karanta suna shan shayi. Har da bayanki, Inna. Har da launin ciwon."

Ƙuda ya sauka kan mayafin, ya yi tafiyarsa, ya tashi.

"Har da bayana," in ji Inna, ga bango.

"Har da shi."

"To ba zan mutu masa ba. Ɗauke ni."

Rumasa'u ta miƙe. Ba ta taɓa ba namiji umarni ba, ko Idris sai da lallashi, amma ta ji muryarta ta fito a miƙe. "Idi, gadon za a ɗauka yadda yake. Kai a baya. Shi a gaba."

"Yaya, gangara ce fa. Na gaba shi ke shan nauyin duka. Tsoho ne, bai taɓa ɗauka ba. Bari in kira abokin aikina."

"Na san gangara ce."

Ta juya ga Bajamushen ta gaya masa da Larabcin kasuwa, ba ya shaikh, ba afuwa. Ya fara cewa lalle, da farin ciki, wannan ƙaramin abu ne, da ya sani tun farko. Ta karɓe jakar daga hannunsa ta rataya a ƙusa. Littafin mai hotonsa kawai ta ɗauka, don ba ta ga mafici a kusa ba.

Idris ya ɗora masa gammo a kafaɗa, ya gyara masa tsayuwa da ƙafa, yadda ake yi wa sabon shiga. "Bismillah. Ɗaga! Ba da hannu ba, ya hajj, da kafaɗa. Kai, wannan ko tulu bai taɓa ɗauka ba."

Suka fito. Rana ta take. Hanyar Nakkasa ba hanya ba ce, tsagin duwatsu ne da ruwan wanke-wanke ke bi, ga kashin awaki, ga ƙasusuwan layya da karnuka suka jawo. Can ƙasa ƙurar rushe-rushen faɗaɗa Harami ta tokare sama. Abdulganiyyu yana taka dutse yana zamewa, ƙafar gadon ta nutse masa a kafaɗa, gumi ya jiƙe rigarsa ta manne da baya. Mata suka fito ƙofa-ƙofa suna kallo. Zali na biye tana ba kowa labari da ƙarfi.

Rumasa'u na tafe a gefen gadon, ta lulluɓe fuskar Inna da gefen mayafi, tana kore ƙudaje da littafin. Yana da nauyi, amma yana kawo iska.

A wani lanƙwasa Inna ta yi nishi mai tsawo. Nan take wuyan Bajamushen ya fara juyowa, kamar ba da saninsa ba.

"Dubi gabanka," in ji Rumasa'u da Hausa.

Bai nemi tafinta ba. Ya mayar da kai.

Da suka sauka kan kwalta numfashinsa na fita da ƙara. Ƙofar asibitin ta bayyana, da askar zaune kan kujera a inuwa, sanda a cinyarsa. Rumasa'u ta ji Inna na karanta wani abu ƙasa-ƙasa cikin mayafi. Idris ya rage sauri.

"Kar ka tsaya," ta ce masa.

Askar ya ɗago kai. Idonsa ya fara sauka kan Idris, ya koma kan Rumasa'u, ya sauka kan ƙafafunta marasa takalmi, hannunsa ya soma miƙowa yadda suke miƙo shi in za su ce igama. Sai ya ga wanda ke gaba: Bature, da furfura, da tabarau, ya ɗauko marar lafiya a kafaɗarsa. Ya miƙe zumbur, sandar ta faɗi. Ya ture ƙofar da kansa har ƙarshenta.

"Tafaddal, ya daktor! Shigo, shigo!"

Abdulganiyyu ya tsaya. Ya buɗe baki, ya ja numfashi, da alama zai yi bayani da Larabcinsa mai kyau, kamar yadda ya yi ɗazu.

Rumasa'u ta sa gefen littafin ta tokare shi a tsakiyar baya.

Ya rufe bakinsa, ya shige.